Matata da Fitilar Tankin Kifi: Yadda Za Ka Haɗa Naka da Kayan Gida

Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa bai zama baƙo ba a yankin Kadawa, Kura da Bunkure. Kanal na biye da gonaki rani da damina, shinkafa na bin alkama, tumatir na bin masara. Wannan yalwa ce ta sa yawancin masu kiwon kifi a yankin suka saba da dabara guda: ruwa ya yi wari, a zubar a zubo sabo. Dabarar tana aiki har ranar da hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta rufe kanal don gyara, ko man janareta ya gagara, ko maƙwabci ya wanke injin feshinsa a saman inda kake ɗiba. A ranar ne ake gane amfanin matata.

Wannan jagora ta mai tanki ce a tsakar gida, da mai renon 'ya'yan tarwaɗa, da mai sha'awar akwatin gilashi a falo ko a shago. Duk kayan da za a ambata ana samun su a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano, wasu ma a Kura. Abin da ba a saye a kasuwa shi ne fahimtar aikin da matatar take yi, don haka da shi za mu fara.

Me matata take tacewa?

Dattin ruwan kifi iri biyu ne. Akwai wanda ido ke gani: kashi, ragowar abinci, laka. Akwai kuma wanda ba a gani, shi ne mai kisa. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta kafofin numfashinsa, kuma duk kilo ɗaya na abinci da ka zuba yana haifar da kimanin giram 30 na wannan guba. Ruwa zai iya zama garai-garai alhali cike yake da ita. Zafi yana ƙara mata kaifi, don haka abin da kifi ya jure a Janairu zai iya kwantar da shi a Afrilu.

Babu soso ko ƙyallen da zai tare amoniya. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke cinye ta. Rukuni na farko yana mayar da ita naitarayit, wanda shi ma guba ne: yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iska, jinin ya koma ruwan ƙasa. Rukuni na biyu yana mayar da naitarayit ya zama naitaret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, kuma shi ne abincin da shuka ke nema a cikin taki. Waɗannan ƙwayoyi ba sa yawo a ruwa, manne wa abu suke yi. Ke nan mai haɗa matata gida yake gina musu, gida mai yalwar wurin maƙalewa, mai iska, wanda ruwa ke ratsawa dare da rana. Duk wanda ya riƙe wannan ba zai wanke matatarsa da omo ba, ba kuma zai kashe famfo da dare don tattalin wuta ba.

Ruwan da za a fara da shi

Ruwan kanal yana zuwa da laka, da ragowar yuriya daga gonaki, da maganin feshi. Tun 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatirin Kano, feshi ya ƙaru a gonakin tumatir, kuma kifi ba ya jure maganin ƙwari ko kaɗan. Akwai kuma ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya. In babu wani ruwan sai na kanal, a tace shi da ƙyalle mai kauri, a bar shi ya kwana biyu a wani mazubi, sannan a saka kifi biyu ko uku a ciki a gani kafin a zuba wa sauran.

Ruwan burtsatse ya fi aminci, sai dai yana fitowa babu iskar oksijin a cikinsa, wani kuma da ƙarfe a narke. A tara shi a buɗe na kwana ɗaya ana hura masa iska. In ya yi ja-ja a ƙasan mazubin, a tsiyaye na sama. Ruwan famfo na da kulorin, wanda ke kashe kifi da ƙwayoyin matata baki ɗaya, shi ma sai ya kwana a buɗe.

Kayan haɗa matatar tanki mai lita 1,000

- Durum biyu na roba, masu lita 200.
- Fayif na roba mai inci 1.5, kimanin mita 4, da elbo huɗu, da mahaɗa mai baki uku guda ɗaya.
- Mahaɗar jikin tanki guda huɗu, irin wadda masu aikin famfo ke ɗaurawa a tankin ruwa, da bawul ɗaya.
- Tiyo ko fayif mai kashi uku cikin huɗu na inci, na mayar da ruwa.
- Famfon cikin ruwa mai bolt 12, wanda aka rubuta yana tura lita 2,000 a awa.
- Injin hura iska da dutsensa.
- Buhunan albasa na raga, murafen gorar ruwa masu yawa, soson wanka na raga, katifar soso mai manyan ƙofofi, da kwandon roba.
- Bulo mai inci 9.

Abu uku kada su kusanci ruwan kifi. Na ɗaya, durum ɗin da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko wani sinadarin da ba ka sani ba, domin roba tana shan magani, wanki ba ya fitar da shi. Nemi wanda aka sa kayan abinci. Na biyu, gidan sauron da ake rabawa a asibiti. Da yawa suna ganin ragarsa ta dace da tacewa, amma an haɗa zarensa da maganin kashe sauro, kuma maganin yana kashe kifi cikin sa'o'i ko da gidan sauron ya tsufa. Na uku, jan ƙarfe da tagulla da langalanga, domin suna narkewa a hankali su zama guba.

Yadda ake haɗawa

Asirin tsarin shi ne ruwa ya gangaro da kansa, famfo kuma ya mayar da shi sama. Don haka tsayi ne farkon abin lura. Ɗora tankin a kan bulo sahu biyu, durum na farko a kan sahu ɗaya, na biyu a ƙasa. Tabbatar daɓen mai ƙarfi ne kuma a miƙe yake, domin lita 1,000 tan guda ce.

Huda tankin santimita 10 ƙasa da bakinsa, ka ɗaura mahaɗa. Ta ciki, sa mahaɗa mai baki uku: baki ɗaya ya shiga hudar, ɗaya ya kalli sama a buɗe, ɗaya ya kalli ƙasa da dogon fayif da zai tsaya santimita 2 kafin gindin tankin. Ta wannan fayif ruwa zai riƙa ɗebo kashin da ya kwanta a ƙasa yana haurowa da shi. Bakin da aka bari a buɗe shi ke hana tankin tsiyayewa ƙaf idan wuta ta ɗauke. In 'ya'yan kifi ne a ciki, ɗaure raga a bakunan biyu.

Durum na farko na kwantar da datti ne. Ruwa ya shiga ta gefe, a kashi ɗaya cikin uku na tsayinsa daga ƙasa, a sa elbo ta ciki a karkata shi ya bi jikin bango. Ruwan zai riƙa zagaye a hankali, dattin mai nauyi ya taru a gindi. A can gindin za a sa bawul na zubarwa. Mafitar kuma santimita 10 ƙasa da baki, da ɗan guntun fayif da ya shigo tsakiya, inda ruwa ya fi tsabta. Kada ka sa komai a cikin wannan durum.

Durum na biyu shi ne gidan ƙwayoyin. Saka famfo a gindi ka kife masa kwandon roba. Cika buhunan albasa da murafen gora da soson raga, ka jera su a kan kwandon har kusa da baki. Gutsattsarin jan bulo da tsakuwar da aka wanke su ma suna aiki, sai dai nauyi. A sama shimfiɗa katifar soso mai kaurin santimita 5. Fayif ɗin da ya taho daga durum na farko a toshe ƙarshensa, a hudhuda cikinsa, yadda ruwa zai riƙa yayyafi a kan katifar, ya tsiyaya ta cikin buhunan, ya taru a ƙasa. Ruwan ƙasan ya tsaya a kimanin santimita 30, ya rufe famfon sosai. Sama da wannan layi, huda ƙananan ƙofofi a jikin durum don iska ta shiga. Ƙwayoyin suna shan iska sosai: cinye giram ɗaya na amoniya yana ɗaukar fiye da giram 4 na oksijin. Wani alherin wannan tsari shi ne ko famfo ya tsaya, kayan suna nan da danshi da iska, ƙwayoyin ba sa saurin mutuwa kamar waɗanda ke nutse.

Daga famfo, tiyo ya hau ya zuba a tanki. Bakinsa ya tsaya sama da fuskar ruwa, don ya riƙa fantsama yana shigar da iska, kuma kada ya zuƙo ruwa baya idan wuta ta tafi. An ce a sayi mai lita 2,000 ne saboda hawan sama da mita ɗaya yana cinye kusan rabin ƙarfinsa. Abin da ake nema shi ne ruwan tankin duka ya ratsa matata sau ɗaya a kowace awa.

Kafin kifi ya shiga, yi gwaji biyu. Kunna, ka bi kowace mahaɗa da busasshen hannu. Sannan kashe famfon da gangan ka tsaya ka gani: ruwan da ya gangaro ya samu wuri a durum na biyu, ko ya malala? In ya malala, rage ruwa.

Wannan matata, a ƙiyasi, tana ɗaukar abincin da bai wuce rabin kilo ba a rana, wato na kifi kimanin kilo 25. In kifinka ya girma ya wuce haka, ƙara durum ko ka rage kifi.

Akwatin gilashi

Akwati mai tsawon santimita 90, faɗi 40, tsayi 45 yana cin lita 162; ana ninka ukun ne a raba da 1,000. Sa mai yankan gilashi ya yanka maka mai kaurin milimita 8, ya goge kaifin. A haɗa da silikon mai warin tsami, wanda ba a sa masa maganin hana fumfuna ba; na banɗaki yana da shi, kuma guba ne. A bar shi mako guda ya bushe, a gwada shi da ruwa a tsakar gida kafin a shigar da shi ɗaki. A ƙarƙashinsa a shimfiɗa farin soso irin na kwalin talabijin, domin ƙwayar yashi guda a ƙarƙashin gilashi ta isa ta tsaga shi.

Matatarsa doguwar roba ce mai murfi da za a ɗora a sama. Ƙaramin famfo mai lita 800 a awa ya tura ruwa ta gefe ɗaya, ya ratsa katifar soso, ya ratsa gutsattsarin jan bulo, ya faɗo ta huda biyu a ɗaya gefen. Huda biyun kariya ce, in ɗaya ta toshe. Ba sai an nemo kifin waje ba. Ƙananan ƙurungu da 'ya'yan karfasa suna da kyan gani a gilashi, kuma sun saba da yanayinmu.

Raya matata

Sabuwar matata fanko ce. Ƙwayoyin suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita, a lokacin hunturu ma fiye. A wannan tsakani ne yawancin sababbin masu kiwo ke asarar kifi, su ɗora laifin a kan mai sayar da iri. Fara da kifi kaɗan, kashi ɗaya cikin biyar na abin da kake nufi, da abinci kaɗan. In ka san mai matatar da ta daɗe tana aiki kuma kifinsa lafiya lau, roƙi guntun sosonsa a jiƙe ka sa a taka, zai rage maka kwanaki.

Sayi ma'aunin ɗigo na amoniya da naitarayit da pH, wato awon tsamin ruwa. Za ka ga amoniya ta hau ta sauka, naitarayit ya biyo ta shi ma ya sauka. Sai duka biyun sun koma sifiri matata ta nuna. In naitarayit ya hau, kifi na haki a sama, canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ka narkar da gishiri giram 1 a kowace lita, ka dakatar da abinci na kwana ɗaya. Aikin ƙwayoyin yana sa ruwa tsami a hankali, don haka sa ƙunshin dakakken ɓawon katantanwa, irin wanda ake haɗa abincin kaji da shi, a durum na biyu. Ana son pH ya zauna tsakanin 6.5 da 8.

Haske

Ba kowane kifi ke son haske ba. Tarwaɗa ta dare ce. A haske mai ƙarfi tana firgita, 'ya'yanta su riƙa cizon juna, girma ya ragu. Tankinta a rufe kashi biyu cikin uku da zana, ɗakin ƙyanƙyasa kuma ya zama mai duhu-duhu, da ƙaramar fitila ta duba aiki kawai. Rana kai tsaye tana kore ruwa da gansakuka, wadda ke ba da iska da rana ta shanye da dare. Shi ya sa ake tarar da gawar kifi da asuba. Ga manyan kifi kuwa, ƙaramin ƙwan fitila da aka rataya sama da tanki na awa biyu bayan magariba yana jawo ƙwari da shinge a farkon damina, su faɗa ruwa su zama abinci.

Akwatin gilashi ne ke buƙatar fitila ta musamman. Je wurin masu haɗa tagogin alminiyom su yanka maka kwararo mai tsawon santimita 85. Sayi ɗamarar fitilar LED mai bolt 12, samfurin 5050, fara mai lamba 6500K, ba mai ruwan ɗorawa ba. Mita ɗaya tana cin kimanin wat 14. Yanka guda biyu daidai tsawon kwararon, a kan alamar yanka da ke bayan kowane ƙwai uku. Goge alminiyom ɗin da sifirit, manna su, sannan ƙara ɗigon silikon nan da can, domin gam ɗin bayansu yana sakewa a zafi. Alminiyom ɗin ba ado ba ne, shi ke zuƙe zafin da ke kashe fitilar. Mai gyaran rediyo ya lika maka waya da dalma, ja ga alamar ƙari, baƙa ga alamar ragi, a shafe mahaɗar da silikon, a sa fis mai amfiya 3. Sahu biyun wat 24 ne, sun isa kallo da tsirrai marasa buƙatar haske sosai. Mai son tsirrai da yawa ya ƙara sahu na uku da fis mai amfiya 5. A ɗora fitilar santimita 10 sama da ruwa, da murfin gilashi a tsakani.

Awa shida zuwa takwas a rana sun isa, a lokaci guda kullum. Taima mai arha, wato agogon kunnawa da kashe wuta, za ta riƙe maka wannan. In gilashi ya fara kore, rage awa biyu, ka rage abinci.

Lissafin wuta

Matata ba ta hutu, don haka a gina ta a kan wutar da za ka iya riƙewa awa 24. A babban tanki, famfo mai wat 25 da injin iska mai wat 10 suna cin wat-awa 840 a yini da dare. Farantin sola mai wat 300 yana biyan wannan a ranar Kano, in ana goge masa ƙura, musamman da hunturu. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ajiye wat-awa 1,200, amma rabi kawai ake ja in ana son ya daɗe, kuma dare yana cin kusan 500. Ya isa da ƙyar. Mai hali ya sa mai amfiya-awa 200 saboda ranakun hadari. Akwatin gilashi da fitilarsa ba su kai wat-awa 400 a rana ba, faranti mai wat 150 ya wadatar.

Bolt 12 ya fi aminci inda akwai ruwa da yara. In dole a yi amfani da wutar layi, soket ya zama sama da tanki, kowace waya ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket don ɗigon ruwa ya zube a ƙasa, kuma kada hannu ya shiga ruwa sai an cire fulogi.

Mai sha'awar murjani

Wanda ya je Jidda ya ga akwatunan halittun Bahar Maliya, ko ya gan su a YouTube, zai so irinsu. Murjani dabba ce mai rai, da wata ƙaramar gansakuka a cikin naman jikinta da ke ciyar da ita ta hanyar haske, shi ya sa fitilarsa mai ƙarfi ce, mai rinjayen shuɗi. Ruwansa na da gishirin teku giram 35 a kowace lita, gishiri na musamman, ba na miya ba, a cikin ruwan da aka tace da inji. Matatarsa ta ƙunshi duwatsu masu ƙofofi da wani bututu da ke kaɗa ruwa ya yi kumfa, kumfar ta kwashe datti. Wannan dabara a ruwan gishiri kawai take aiki sosai. Babban ƙalubale shi ne zafi. Murjani na son digiri 24 zuwa 27, in ruwa ya daɗe sama da 30 sai ya yi fari ya mutu, ga shi bazarar Kano tana kai 40. Sai da injin sanyaya ruwa da wutar da ba ta ɗaukewa. Ko gaɓar tekun Najeriya ba ta da tsibiran murjani, saboda laka da ruwan daɗin da koguna ke zubawa, don haka komai daga waje za a shigo da shi. Shawarata ita ce mutum ya riƙe akwatin ruwan daɗi na shekara guda ba tare da asara ba tukuna. Ilimin ƙwayoyin matata da na haske iri ɗaya ne a duka biyun.

Kula ta yau da kullum

Kowace safiya, kafin ka ba da abinci, dubi kifin, ka saurari famfo. Buɗe bawul ɗin durum na farko har baƙin ruwan ya ƙare, ka cike gurbinsa a durum na biyu, domin nan ne raguwar ruwa ke bayyana, kuma famfo ba ya jure aiki a bushe. Kowane kwana biyu ko uku, matse katifar soso a bokitin ruwan tankin. Buhunan ciki kuwa a bar su; sai in sun toshe za a girgiza rabinsu a ruwan tanki, rabin ya jira wani makon. Kowane mako canja kashi ɗaya cikin biyar na ruwan. Da bazara, ƙaramar fanka da ke kaɗa fuskar ruwa tana rage zafi digiri biyu ko uku. Da hunturu, a naɗe tankin da buhuna, a rufe shi da leda da dare, a rage abinci, domin kifi da ƙwayoyin matata duk suna yin sanyin jiki.

Baƙin ruwan da ka zubar kada ya tafi a kwata. Taki ne narkakke. Ja shi zuwa ɗan komin alayyafo ko salak ko yakuwa, in dai ba ka sa gishiri a makon ba.

Ajiye littafi: ranar da ka zuba kifi, nauyin abincin kowace rana, sakamakon awo, da duk kifin da ya mutu. Bayan zagaye ɗaya na kiwo, littafin zai faɗa maka iyakar abin da matatarka ke ɗauka fiye da kowane ƙiyasi, kuma da shi za ka san ko durum na uku ya kamata ka saya ko tanki na biyu. Matashin da ya iya wannan haɗi, ya iya lissafin sola, ya iya karanta ma'auni, yana da sana'ar da masu kiwo daga Kura har Bunkure za su neme shi a kanta.